Ƙwarin Ɓawon Itace da Dokar Killace Tsirrai: Bayani ga Manoma da Jami'ai a Dutse da Kewaye

Gabatarwa

Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991, tana cikin jihohi 11 na arewacin Najeriya da ke kan gaba wajen fuskantar kwararowar hamada. Saboda haka bishiya tana da matsayi babba a rayuwar al'ummarmu. A ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, wato Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram, da maƙwabtansu irin su Ringim da Taura, jama'a suna cin moriyar dabino da mangwaro da gwaiba, suna hutawa a inuwar darbejiya, suna samun abinci da magani daga kuka da tsamiya da ɗorawa, sannan gawo yana ƙara wa gona taki, yana kuma ciyar da dabbobi a lokacin rani. A Dutse ne kuma Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Najeriya, wato NIFOR, ta kafa reshenta na binciken dabino.

Manomin gero ko dawa da ƙwari suka yi wa ɓarna yana iya sake shuka baɗi. Wanda ya rasa dabino ko mangwaro kuwa ya rasa wahalar shekaru, domin kafin sabon dashe ya fara 'ya'ya sosai sai an yi shekara biyar ko fiye ana ɗawainiya da shi. Wannan ne ya sa muka tanadi wannan bayani a kan wasu ƙananan ƙwari masu huda itace, waɗanda ƙasashen duniya suka sanya a sahun gaba na abubuwan da ake tarewa a kan iyaka, tare da bishiyoyin da suke kamawa da matakan da suka kamata a ɗauka.

Mene Ne Ƙwaron Ɓawon Itace?

Masana suna kiran dangin waɗannan ƙwari da suna Scolytinae, kuma an gano nau'insu kimanin 6,000 a duniya. Yawancinsu baƙaƙe ne ko masu launin ƙasa, jikinsu a mulmule, girmansu kamar ƙwayar riɗi ko ƙasa da haka. Ana iya kasa su gida uku gwargwadon abincinsu.

Kashi na farko su ne masu zama tsakanin ɓawo da itace, inda abincin da ganye ya sarrafa yake bi ya sauka zuwa saiwa. Macen takan huda ɓawo ta haƙa ɗan rami mai tsawo, ta jera ƙwai a gefensa. Idan tsutsotsi suka ƙyanƙyashe sai kowace ta haƙa tata hanyar. Idan hanyoyin suka zagaye kututture, bishiyar ta zama tamkar wadda aka yi wa kaciya da gatari, sai ta bushe.

Kashi na biyu su ne masu shiga can cikin itace. Waɗannan ba itacen suke ci ba. Macen tana ɗauke da irin wata funfuna a cikin wani ɗan aljihu a jikinta, ta shuka ta a bangon ramin, ita da 'ya'yanta su riƙa ci. Funfunar ce takan bazu ta toshe jijiyoyin da ruwa yake bi daga saiwa zuwa ganye.

Kashi na uku su ne masu shiga 'ya'yan itace da ƙwallonsu, kamar ƙwaron 'ya'yan kofi da ƙwaron ƙwallon dabino.

A yanayi mai zafi, daga ƙwai zuwa cikakken ƙwaro bai fi mako huɗu zuwa shida ba a nau'o'i da dama, don haka suna iya hayayyafa sau da yawa a shekara guda. Har ila yau, a wasu nau'o'in, macen da ba ta sadu da namiji ba tana iya yin ƙwan da zai ƙyanƙyashe namiji, daga nan zuriya ta ci gaba. Ma'ana, mace ɗaya tak a cikin guntun itace ta isa ta kafa annoba a sabon wuri.

Ya kamata a bambanta su da gara, wadda take rufe itace da ƙasa, da kuma gunda mai cin busassun sanduna da rufin ɗaki. Akwai kuma manyan ƙwari 'yan asalin Afirka irin su Apate terebrans, mai huda kashu da wasu itatuwa, wanda raminsa yake da faɗi ƙwarai idan aka kwatanta da na ƙwarin ɓawo.

Dalilin da Ya Sa Baƙon Ƙwaro Ya Fi Haɗari

A ƙasarsu ta asali, yawancin ƙwarin ɓawo suna kama bishiyar da ta tsufa ko ta raunana ne, kuma akwai tsuntsaye da wasu ƙwari masu cin su. Bishiya mai lafiya takan kare kanta ta hanyar fitar da ƙaro ko ruwa mai danƙo da zai toshe ramin. Amma idan aka kai ƙwaro sabuwar ƙasa, ya rabu da maƙiyansa, ya kuma tarar da bishiyoyin da ba su saba da shi ko da funfunarsa ba, sai ya shiga kashe har masu lafiya.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Ingila, inda wata cuta da ƙwarin ɓawo suke yaɗawa ta shiga a ƙarshen shekarun 1960 cikin gumagumai masu ɓawo da aka kawo daga Kanada, ta kashe bishiyoyin da ake kira elm sama da miliyan 25. Mu ma nan gida mun ɗanɗana zuwan baƙin ƙwari. Tsutsar tumatir mai suna Tuta absoluta, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta durƙusar da noman tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna a 2016. A wannan shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara mai cin zuciyar shuka a kudu maso yammacin Najeriya, kafin ta bazu a faɗin Afirka.

A ƙa'idar Yarjejeniyar Kare Tsirrai ta Duniya, wadda aka ƙulla a 1951 ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ƙwaron killacewa shi ne wanda zai iya jawo asarar tattalin arziki ga wani yanki, alhali bai shiga yankin ba tukuna, ko kuwa ya shiga amma bai bazu ba kuma hukuma tana yaƙi da shi.

Ƙwarin da Suka Fi Shafar Irin Bishiyoyinmu

1. Ƙwaron ɓawon mangwaro. An daɗe da saninsa da sunan Hypocryphalus mangiferae, kuma tsawonsa bai kai milimita 2 ba. Haɗarinsa yana cikin funfunar da yake ɗauka, mai suna Ceratocystis manginecans, wadda take haddasa mutuwar mangwaro farat ɗaya. An fara lura da cutar a ƙasar Oman a 1998, inda ta kashe dubban bishiyoyi a yankin Batina, ta kuma yi ɓarna mai yawa a Pakistan. Manoman Brazil sun daɗe suna fama da irinta. Alamunta su ne ƙaro yana tsiyaya daga kututture, reshe ɗaya ko ɓangare ɗaya na bishiya ya yi yaushi, ganye ya bushe yana maƙale bai zube ba, idan aka ɓare ɓawo kuma a ga baƙin zane a jikin itacen. Bishiya takan mutu cikin 'yan watanni. A Oman an lura cewa mangwaron gida da aka shuka daga ƙwallo ya fi na aure kamuwa, kuma wannan abin lura ne gare mu ganin yadda tsofaffin mangwarorin ƙauyukanmu da dama daga ƙwallo suka tashi.

2. Ƙwaron ƙwallon dabino, Coccotrypes dactyliperda. Sananne ne a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, kuma fataucin dabino da iri ne ya yaɗa shi zuwa ƙasashe masu yawa. Macen tana huda ɗanyen dabino tun yana kore, ta shige cikin ƙwallo ta yi ƙwai, sai 'ya'yan su zube ƙasa kafin su nuna. Ƙwallayen da aka bari a gindin bishiya su ne maɓoyarsa har zuwa shekara mai zuwa. Tsabtace gindi da rufe nonnan dabino da raga mai ƙananan idanu suna rage ɓarnarsa.

3. Ƙwaro mai cin kowane itace, Euwallacea fornicatus. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne. An gan shi a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2003, ya addabi gonakin fiya a Isra'ila, sannan a 2017 aka gano shi a birnin Pietermaritzburg na Afirka ta Kudu, daga nan ya bazu zuwa yawancin lardunan ƙasar. Ya ɓulla a birnin Perth na Ostareliya a 2021. An same shi a jikin ɗaruruwan nau'o'in itatuwa, kuma cikin waɗanda yake hayayyafa sosai a jikinsu akwai fiya, da wasu dangin bagaruwa, da zurma, wato cika-gida, wadda take fitowa da kanta a kangaye da bakin kududdufai a garuruwanmu. Raminsa bai fi tsinin biro faɗi ba.

4. Jan ƙwaron dabino, Rhynchophorus ferrugineus. Wannan ba ya cikin dangin ƙwarin ɓawo, amma mun kawo shi saboda shi ne babban maƙiyin dabino a duniya, kuma hanyar yaɗuwarsa iri ɗaya ce. Tsawonsa ya kai santimita 3 ko fiye, ja ne mai dogon baki. Daga kudancin Asiya ya shiga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf a tsakiyar shekarun 1980, ya isa Masar a 1992, Maroko a 2008, Libiya a 2009, Tunisiya a 2011, da Muritaniya a 2015. Tsutsarsa tana cinye cikin kututture ba tare da an gani ba, sai dai a ji wari kamar na abin da ya ruɓe, ko a wayi gari kan bishiyar ya karye. Ya fi kama dabinon da bai kai shekara 20 ba, kuma mafi yawan tafiyarsa daga ƙasa zuwa ƙasa a cikin 'ya'yan gindin dabino ne da ake saya domin dashe. Yana da ɗan'uwa ɗan asalin Afirka, wanda yake kama kwakwar manja da tukurwa a kudancin ƙasar nan.

5. Babban ƙwaron rumbu, Prostephanus truncatus. Asalinsa mai huda itace ne daga Mekziko da Amurka ta Tsakiya. Ya shigo Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, daga baya ya tsallako Najeriya. Yana mayar da masara da busasshen rogo gari, yana kuma iya zama a cikin sandunan rumbu har sabon amfani ya shigo.

Hanyoyin Shigowarsu

Ƙwarin nan ba su da ƙarfin tashi mai nisa ƙwarai. Ɗan Adam ne yake ɗaukar su a mota da jirgi. Manyan hanyoyin su ne itacen girki da gumagumai masu ɓawo, sanduna da azara na gini, akwatunan katako da katakon da ake ɗora kaya a kai cikin kwantena, dashen mangwaro da rassan aure, 'ya'yan gindin dabino, da iri ko ƙwallo.

Yanayin jiharmu ya sa dole a kula. Muna da iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma kasuwar Maigatari tana tara fatake daga ƙasashe da dama. Kasuwannin Shuwarin da Gujungu da Sara suna karɓar kaya daga nesa. Dabino mai yawa yana shigowa ƙasar nan daga arewa, musamman gabanin watan azumi. An buɗe tashar sauke kaya ta tudu ta Dala a Kano a 2023, sannan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, an tsara shi da reshe zuwa Dutse. Duk waɗannan alheri ne ga kasuwanci, sai dai kowace kwantena tana zuwa da katakon ɗaure kaya, wanda a ƙarshe yakan faɗa hannun kafintoci ko masu tuyar ƙosai.

Doka da Hukumomi

Hukumar Killace Amfanin Gona ta Najeriya, wato NAQS, ita ce doka ta ɗora wa alhakin duba tsirrai da dabbobi da kayan ruwa a filayen jiragen sama da tashoshin ruwa da iyakokin ƙasa. An sanya hannu a kan dokar kafa ta a 2018, kuma tana da wurin killace dashen da aka shigo da shi a Moor Plantation da ke Ibadan. Duk mai son shigo da dashe ko iri daga waje dole ne ya nemi takardar izini daga hukumar tun kafin kayan su taso, sannan kayan su zo da takardar shaidar lafiya daga ƙasar da suka fito. Wannan ya shafi ɗan kasuwa da matafiyi da mai dawowa daga aikin hajji ko umara baki ɗaya.

Game da katakon ɗaure kaya kuwa, akwai ƙa'idar duniya mai lamba 15, wadda aka amince da ita a 2002. Ta tanadi cewa katakon da kaurinsa ya wuce milimita 6 sai an ɓare ɓawonsa, sannan a gasa shi har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na ma'aunin Salshiyos na tsawon minti 30, ko a turara shi da maganin da aka amince da shi. Katakon da aka yi wa haka yana ɗauke da hatimi mai alamar zangarniya da haruffan IPPC, da haruffa biyu na ƙasar da ya fito, misali NG ga Najeriya, da HT idan gasawa aka yi ko MB idan turarawa ce. Masu fitar da riɗi da zoɓo da ƙaro zuwa waje su ma su lura, domin ana iya tsare kayansu a tashar da suka sauka idan katakon da ke ƙarƙashinsu ba shi da wannan hatimi.

A matakin jiha, malaman gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona da Raya Karkara ta Jihar Jigawa, wato JARDA, da jami'an gandun daji, da sashen aikin gona na kowace ƙaramar hukuma, su ne mafi kusa da manomi wajen karɓar rahoto.

Alamomin da Za a Duba

1. Ƙananan ramuka zagayayyu masu yawa a kututture ko manyan rassa.
2. Garin itace mai laushi a tsagin ɓawo ko a gindin bishiya, wani lokaci yana fitowa daga rami a dunƙule kamar tsinken sakace.
3. Ƙaro ko jiƙaƙƙen tabo a kewayen ramin.
4. Reshe ya bushe daga sama alhali bishiyar tana samun ruwa.
5. Zane-zanen hanyoyi ko baƙin tabo a ƙarƙashin ɓawo.
6. Zubewar ɗanyen dabino mai ɗan rami a jikinsa, ko wari da ruwa mai kauri daga kututturen dabino.

Matakan Rigakafi

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bishiyar da fari ya galabaitar, ko wuta ta babbake, ko aka yi wa rauni, ita ƙwari suke fara nema. Haka ma wadda ruwa ya kwanta a gindinta na tsawon lokaci, domin takan fitar da wani ƙamshi mai kama da na tsimi da yake jawo su. Don haka bayan ambaliya irin wadda jiharmu ta gani a 2020 da 2022, ya dace a ƙara sa ido a kan lambunan fadama. Muna ba da shawara kamar haka:

1. A sayi dashe daga gandun raino da aka sani. Masu son dabino su nemi shawarar reshen NIFOR na Dutse kafin su karɓi 'ya'yan gindi daga nesa, komai kyawun irin da aka yi musu talla.
2. A yi amfani da itacen girki kusa da inda aka samo shi, kuma kada a jibge ɗanyen itace a cikin lambu.
3. A ɓare ɓawon sanduna, a shanya su sosai kafin a yi gini ko rumbu da su.
4. Masu ɗibar sassaƙe don magani kada su zagaye kututture, masu sassabe wa dabbobi ganye kuma su yi yanka mai tsabta ba tare da tsaga reshe ba.
5. Idan an cire ɗan gindin dabino ko an datse rassa, a rufe raunin da maganin da malamin gona ya nuna, domin ƙamshin sabon yanka ne yake kiran jan ƙwaro.
6. A wanke adda da gatari da zarto da ruwan bilic kafin a koma wata bishiya.
7. A tsince zubabben dabino da ƙwallaye a ƙona su.

Idan An Ga Alama

Abu na farko shi ne kada a ɗauke komai daga wurin. A ɗauki hoto da waya, a sanar da mai unguwa da malamin gona. Idan an kama ƙwaron, a saka shi a ƙaramar kwalba mai sifirit, a rubuta sunan gari da irin bishiyar da kwanan wata. Kada a ɗauki ɗanyen gungume zuwa ofis, domin yin haka kai ƙwaron sabon wuri ne.

Fesa magani a jikin ɓawo ba kasafai yake kaiwa ga ƙwaron da ya riga ya shige ciki ba, saboda haka kada a yi asarar kuɗi kafin jami'i ya duba. Idan jami'in gandun daji ya tabbatar cewa sai an sare, a ƙona itacen a nan take, ko a daddatsa shi a lulluɓe da leda mai kauri, a danne gefenta da ƙasa, a bar shi a rana aƙalla mako shida a lokacin bazara, fiye da haka kuma a lokacin hunturu. Kada a bar kututturen a tsaye da ɓawonsa.

Nauyin da Ke Kan Jami'ai da Masu Sarauta

Shugabannin sassan aikin gona su riƙa ajiye littafin rahoto mai nuna wuri da rana da irin bishiya da adadin da abin ya shafa, su kuma miƙa samfur ga NAQS ko masana a Jami'ar Tarayya ta Dutse domin tantancewa, tun da waɗannan ƙwari sun yi kama da juna ƙwarai, ido kaɗai ba ya rarrabe su. Masu kula da gandun raino na shirin Babbar Koriyar Ganuwa da sauran shirye-shiryen dashe su duba kowane dashe kafin rabawa, su kuma guji cika shingen kare iska da nau'in bishiya ɗaya. Abin da ya sami darbejiya a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1980, lokacin da wani ƙwaro mai manne wa ganye da reshe ya yi mata ɓarna, ya isa ishara. Hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa kuwa su ne za su fi saurin sanin wanda ya shigo da dashe ko itace daga wata ƙasa, kuma jan hankalinsa ya kai kayan a duba yana iya ceton lambunan gari guda.

Kammalawa

Abin da ya faru a Oman da Masar da Afirka ta Kudu ya nuna cewa da zarar irin waɗannan ƙwari sun kafu, kawar da su yana da matuƙar wuya da tsada, kuma damar da ake da ita tana cikin watannin farko ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 12 ga Mayu ta kowace shekara a matsayin Ranar Lafiyar Tsirrai ta Duniya, kuma lokaci ne da ya zo daidai da shirin dashen damina a yankinmu. Muna kira ga ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin manoma da su yi amfani da wannan lokaci wajen zagaya lambuna da gandun raino, sannan duk wanda ya ga ɗaya daga cikin alamomin da muka lissafa ya garzaya ofishin aikin gona mafi kusa da shi.